Mu ci gaba da watsa sujada kai tsaye ko mu dakata?

Ishaku:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana a cikin Almasihu. Shawara nake nema kan wata magana da za ta zo gaban majalisar dattawan ikkilisiyarmu. Tun lokacin kullen korona a 2020 muka fara watsa sujadar Lahadi kai tsaye ta Facebook, daga baya muka ƙara da YouTube. An buɗe majami'u, mu kuwa ba mu daina ba. Yanzu waɗansu dattawa na cewa a dakatar, domin shi ya sa kujeru ba sa cika, mutum da lafiyarsa ƙalau sai ya zauna a ɗaki ya ce ya yi sujada a waya. Waɗansu kuma na ganin rufewa zai zama rashin tausayi ga marasa lafiya da matafiya. Ni ke riƙe da wannan sashe, don haka ni za a tsare da tambayoyi. Ban da watsa sujada muna da zaurukan WhatsApp, muna haska waƙoƙi da majigi, ana kuma tura baiko ta banki. Ku da kuka riga mu shiga wannan aiki, yaya kuka ɓullo wa abin?

Dattijo Bulus:
Ɗana Ishaku, sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin masu cewa a dakatar, kuma ba ƙin sabon abu ne ya sa ba. Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa yadda waɗansu suka saba yi, kuma ka lura da abin da ayar ta haɗa da taruwar, wato ƙarfafa juna. A majami'a idan mutum ya yi Lahadi biyu ba a ga fuskarsa ba, na kusa da kujerarsa zai lura, kafin tsakiyar mako wani ya taka zuwa gidansa. A waya fa? Lamba kawai kake gani a kusurwar allo. Ba ka san wanda ke kuka a cikinsu ba, ba ka san wanda ya kunna ya ajiye wayar ya shiga wata sabga ba. Yaran da suka taso suna ganin iyayensu na sujada daga kan gado, wa zai koya musu hanyar majami'a idan sun girma? Wannan ne ke hana ni barci.

Saratu:
Baba Dattijo, ina gaisuwa. Da girmamawa, ina roƙo a tuna da irinmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ciwo kuwa bai san Lahadi ba. Makon da aiki ya faɗo mini da safe, wannan bidiyon ne kaɗai ke sa in ji abin da aka koyar a ikkilisiyata, daga bakin fastona, ba daga wani baƙon mai wa'azi da ban san asalinsa ba. Idan kun rufe, wanda ya saba zama a gida ba zai dawo majami'a ba, zai koma kallon wani ne kawai, don intanet cike take da masu wa'azi, na gaskiya da na bogi. Mu da ba mu da zaɓi mu ne za mu yi asara.

Dattijo Bulus:
'Yata Saratu, Ubangiji ya sa wa aikinki albarka. Ba da ke nake ba. Amma maganarki ta ƙarshe ta shige ni, zan yi tunani a kanta.

Mama Rifkatu:
Salama. Na daɗe ina karantawa a wannan zaure ban cika magana ba, amma yau sai na yi.

Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya fita, ni ma ba na iya barinsa. Kowace Lahadi nakan jingina wayar a gefensa mu bi sujada. Idan aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana saurayi, bakinsa na motsi, ni kuma zuciyata na sanyi. Don haka ko kusa ba zan ce a rufe ba.

Amma ga abin da nake so ku ji da kyau, ku shugabanni. Kafin a fara wannan watsawa, duk wanda ya kwanta ciwo ana zuwa gidansa bayan an tashi sujada. A karanta masa nassin ranar, a gaya masa abin da fasto ya ce, a yi addu'a. Da aka fara watsawa sai ziyarar ta yi ta raguwa. Da na yi wa wata 'yar'uwa ƙorafi, cikin kyakkyawar niyya ta ce mini, ai Mama muna ganin sunanki kina kallo. To suna ganin sunana, amma ba wanda ya ga yadda nake juya mutumin nan ni kaɗai, ba wanda ya riƙe hannunsa. Dattijo yana tsoron masu kallo za su bar ikkilisiya. Ni abin da na gani da idona shi ne ikkilisiya ce ta bar masu kallo. Zumunta a ƙafa take.

Fasto Yohanna:
Mama, na gode da kika faɗi wannan a fili. Ishaku, idan ba ka ɗauki komai daga zauren nan ba, ka ɗauki maganar Mama ka kai wa majalisa yadda take.

Yin hidima daga nesa ba sabon abu ba ne a ikkilisiya. Manzo Bulus ya yi kiwon ikkilisiyoyi da wasiƙu, har a Kolosiyawa 4:16 ya ce idan an karanta wasiƙar a wurinsu a sa a karanta ta a Lawudikiya. Amma wasiƙun nan mutane ne ke ɗauke da su, irin su Tikikus, wanda aka aika domin ya ba da labari da bakinsa ya kuma ƙarfafa zukatansu. Yohanna ma a wasiƙarsa ta biyu, aya 12, ya ce yana da abubuwa da yawa amma ba ya so ya rubuta da takarda da tawada, yana sa zuciya ya zo su yi magana baki da baki domin farin cikinsu ya cika. Ya rubuta, bai ƙi rubutu ba, amma bai ɗauke shi a matsayin zuwa ba.

Ga yadda muke yi a wurinmu. Duk lokacin da ake watsawa akwai mutum ɗaya da ba ruwansa da kyamara ko sauti, aikinsa ya bi masu kallo. Yana gaishe su da suna, yana rubuta ayar da ake karantawa, yana kuma ɗaukar sunayen membobinmu da ya gani. Da an tashi sai ya miƙa wa kwamitin ziyara. Wanda muka san dalilinsa, kamar aiki ko tafiya, a kira shi a waya. Wanda ke kwance, a je. Wanda kuma ba mu san dalilinsa ba, shi ne na farko da dattijo zai ziyarta, ba don a tuhume shi ba, don sau da yawa akwai wani ɓacin rai ko kunya da ta hana shi shigowa cikin mutane. Mun tarar da wanda bashi ya kore shi, mun tarar da wadda aka yi wa magana mai zafi a ƙungiyar mawaƙa ta haɗiye. Ba don sun leƙo ta waya ba, da mun ɗauka sun ƙaura.

Dattijo Bulus:
Fasto, idan haka ake yi, rabin damuwata ta tafi. Amma ikkilisiya nawa ce ke yin haka? Yawanci dai a kafa kyamara, a yi ta murna da yawan masu kallo.

Hannatu:
Baba, wannan lambar ma ba abin dogaro ba ce. Facebook na ƙirga mutum cikin waɗanda suka kalli bidiyo ko da daƙiƙa kaɗan ya yi a kai. Wanda ke wucewa ya ɗan tsaya ma an ƙirga shi. Yaya Ishaku, kafin ka je gaban majalisa ka shiga ɓangaren bayanai na shafinku, a Facebook da YouTube duka, ka duba tsawon lokacin da mutane ke ɗauka suna kallo. Wannan ne zai nuna maka masu bin sujada da gaske. Ka kuma gwada da littafin da ake rubuta yawan masu zuwa kafin 2020 da yanzu, kada a ɗora wa kyamara laifin da ba nata ba.

Baba Istifanus:
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ina gaida Fasto da dattawa da 'ya'yana duka.

Wannan gardama na taɓa jin irinta a kan rediyo. Ku yara ba ku san cewa ikkilisiya ta daɗe da shiga iska ba. Rediyon Vatican ya fara a 1931. Tashar bishara ta ELWA ta fara daga Monrovia ta ƙasar Laberiya a 1954. A 1963 aka buɗe babbar tashar bishara a Addis Ababa, shirye-shiryen Hausa na Muryar Bishara kuma daga Jos ake haɗa su a aika can a watso mana, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. A lokacin ma akwai masu cewa mutane za su rungumi akwati su bar majami'a. Abin da na sani a aikina na mai bishara shi ne, muryar kan riga mu isa wurin da ba mu taɓa takawa ba. Mai sauraro ya rubuto wasiƙa, a ba shi amsa, daga nan a tura ɗayanmu ya neme shi. Inda aka bi sawu, ikkilisiya ta tsiro. Inda ba a bi ba, mutum ya ji ya ji daɗi, shi ke nan. Ku da kuke da abin da mai sauraro zai amsa muku nan take, ba sai an jira wasiƙa ba, me zai hana ku bin sawu?

Ishaku:
Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ban taɓa haɗa aikinmu da na rediyo a raina ba sai yau.

Hannatu:
Ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma a ganina ya fi yawan kujeru haɗari. Duk abin da kyamara ta ɗauka ya fita hannunku. Akwai mutanen da ke zuwa majami'a ba tare da danginsu sun sani ba, fuskarsu a intanet na iya jawo musu babbar wahala. Akwai matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta. Akwai yara, waɗanda iyayensu ba su ba da izini a sa su a duniya ba. Kyamara ta tsaya kan bagade da mai wa'azi da mawaƙa, a daina zagaya ta kan fuskokin jama'a. A ware wani gefe na kujeru da ba ta kaiwa, a sanar. Lokacin ba da shaida, da lokacin da masu tuba ke fitowa gaba, da sanarwar horon ikkilisiya, a kashe watsawa gaba ɗaya.

Haka zaurukan WhatsApp. Kowa a zaure na ganin lambar kowa. Roƙon addu'a da ke ɗauke da sunan mutum da irin ciwonsa, ko rikicin aurensa, bai kamata ya shiga zauren mutum ɗari biyu ba, don ɗaukar hoton allo ba wuya, kafin yamma ya kai inda ba a zata ba. A tambayi mai abin tukuna. Idan ya yarda, a rubuta iya abin da ya yarda da shi.

Mama Rifkatu:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. An taɓa sa hoton maigidana yana kwance a zauren mata, wai don a yi addu'a. Niyyar mai kyau ce, amma mutum ne mai kunya, ya yi kwanaki ba ya son magana.

Malam Dauda:
Ni ma'aji ne, bari in taɓa ɓangaren kuɗi. Tura baiko da zakka ta banki ya sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. Ba ƙirga kuɗi har la'asar, ba ɗaukar jaka zuwa banki cikin fargaba, kuma komai na da shaida a rubuce. 'Yan'uwanmu da ke nesa ma na iya sa hannu a aikin gini ko taimakon gwauraye.

Sai dai dole asusun ya kasance da sunan ikkilisiya, da masu sa hannu fiye da ɗaya. Kada a yarda a yi amfani da asusun fasto ko na ma'aji, ko na kwana ɗaya ne, ko mutumin ya kai kowa gaskiya. Ana kare shi ne daga zargi. Kada kuma a amince da hoton rasit ko saƙon da mutum ya nuno, sai an gani a bayanan banki, don ana ƙirƙirar na ƙarya. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar da ta shigo ta jefa hoton rasit a zaure kowa ya gani. Ubangiji ya ce a Matiyu 6:3 kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Mai ɗan kaɗan idan ya ga abin da waɗansu ke turawa sai ya ji kunya ya janye. Mu mun hana, rasit ya je wurin ma'aji shi kaɗai. Kuma ba mu daina zagayawa da kwandon baiko ba, don tsohuwar da ta ƙulle nata a bakin zane ita ma sujada take yi.

Hannatu:
Malam, ka tuna mini da damfarar da ta fi cin ikkilisiyoyi. Wani zai kira ka ya ce daga kwamitin addu'a yake, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto masa don a sa ka. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka ba shi ya ƙwace, sai ya shiga zaurukan da kake ciki da sunanka da hotonka yana neman taimakon gaggawa. Idan asusun fasto ne, mutane ba sa ko tambaya, turawa kawai suke yi. Maganinsa a cikin manhajar yake: a shiga saituna a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri. Ya kamata a tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi a faɗa da baki cewa fasto ba zai taɓa neman kuɗi ta saƙo ba, kuma ba taron da ke buƙatar wannan lamba.

Nuhu:
Yaya Ishaku, ni mai kula da sauti ne a wurinmu, ga nawa. Mutane na haƙuri da hoto mara kyau, amma ba sa haƙuri da sauti mara kyau. Kada ku bar makirifon waya ya ɗauko daga lasifika, amsa-kuwwa za ta cinye maganar. Ku ja kebul daga na'urar haɗa sauti kai tsaye. Wannan ya fi sabuwar kyamara amfani nesa ba kusa ba.

Sannan bidiyo na cin data ninkin ba ninkin a kan murya. Yawancin waɗanda muka fi so mu kai wa, tsofaffi da marasa ƙarfi, ba za su iya kallon awa biyu ba. Mu mukan yanke wa'azin kaɗai, mu mai da shi murya, mu tura a WhatsApp. Wanda ba shi da data a tura masa ta Bluetooth ko a sa masa a katin memori, ƙaramar waya ma na kunnawa. Idan taron addu'a ne ta Zoom, ku sani na kyauta na yankewa bayan minti 40. Ku kuma yi hattara da sa waƙoƙin mutane da aka naɗa kafin a fara sujada, YouTube da Facebook na gane su, su toshe sautin ko su tsayar da watsawar.

Saratu:
Wannan na murya shi ne ya fi mini. Ina iya saurara a hanya.

Fasto Yohanna:
Maganar murya ta kai ni ga abin da nake ganin ya fi kowane alheri a wannan zamani. An kammala buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma shekaru da yawa wanda bai iya karatu ba sai ya jira wani ya karanta masa. Yau yana sauraro a waya, ta manhaja irin su Bible.is. YouVersion kuma, wadda wata ikkilisiya a Oklahoma ta Amurka ta fitar a 2008, kyauta ce, akwai Hausa a ciki, ana iya sauke fassarar a karanta ba tare da intanet ba. Romawa 10:17 ta ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Muna da ƙungiyoyin sauraro a gidaje, a kunna sura ɗaya, a tsayar, a tattauna. Wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta gyara mini jerin abubuwan da suka faru a littafin Rut, kuma ita ce da gaskiya.

Dattijo Bulus:
Wannan kam ba ni da ja. Amma waya a cikin majami'a fa? Yaro ya ce Littafi yake karantawa, saƙo ya shigo, shi ke nan an rasa shi. Majigin nan kuma ya sa mutane sun daina haddace waƙa. Ran da wuta ta ɗauke ana tsakar waƙa, sai ka ji majami'a ta yi tsit, sai tsofaffi kaɗai ke ci gaba. Littafin waƙoƙi mutum na kai shi gida, ya rera da iyalinsa da dare. Allo na bango ba ya bin kowa gida.

Ga kuma babbar tambayata. Na ji a lokacin korona waɗansu sun ce kowa ya kawo gurasa da ƙoƙo gaban waya a ci Jibin Ubangiji. Ishaku, ina fata ba ku kai nan ba.

Ishaku:
A'a Baba, ba mu taɓa yi ba. Amma an taɓa tambaya, kuma ban san amsar da zan bayar ba idan aka sake.

Katikis Yusufu:
Salama ga kowa. A wurinmu Katolika wannan a yanke yake. Tun 2002 Vatican ta fitar da takarda kan ikkilisiya da intanet, ta yaba amfaninta wajen koyarwa da bishara, amma ta ce babu sakramenti a intanet. Duniya ta ga Fafaroma Francis ranar 27 ga Maris 2020 yana addu'a a dandalin Bitrus Mai Tsarki ba jama'a, ana ruwa, mutane na bi daga gidajensu. An yi addu'a tare, amma ba a ce kallo ya zama karɓa ba. Mara lafiya kai masa ake yi har gadonsa. Ina ganin wannan ya haɗu da kukan Mama Rifkatu, domin wanda ya kai masa dole ya shiga ɗakin ya zauna.

Fasto Yohanna:
Ɗariku sun bambanta a kan wannan, akwai waɗanda suka yarda a lokacin kulle, kowa kuma ya bi koyarwar ɗarikarsa. Ni dai ban yarda ba. A 1 Korintiyawa 11:33 an ce idan kun taru don ci ku jira juna, a sura ta 10 kuma an ce gurasa ɗaya ce muke ci, shi ya sa muke jiki ɗaya. Yaƙub 5:14 ma bai ce mara lafiya ya nemi dattawa daga nesa ba, ya ce ya kira su su zo su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Akwai hidimar da sai da hannu. Ranar Jibi mukan rufe watsawa bayan wa'azi, mu sanar cewa duk wanda ke gida yana so a kawo masa ya aiko da saƙo, dattawa su fita a ranar.

Nuhu:
Fasto, tunda ana maganar iyaka, ƙirƙirarriyar basira, wato AI, fa? A watan Yuni 2023, a wata majami'a a garin Fürth na Jamus, an yi sujadar da ChatGPT ya tsara kusan dukanta, hotunan mutane na kwamfuta suka yi wa'azi a allo, sama da mutum 300 suka halarta. Gwaji ne, amma na san masu wa'azi da ke amfani da ita yanzu ba sa faɗa.

Fasto Yohanna:
Ɗana Nuhu, idan don neman inda wata aya take ne, ko tsara sanarwa, ko taƙaita tarihin wani gari na Littafi, ba laifi, muddin za ka buɗe Littafin ka tabbatar, don takan kawo ayar da ba ta nan ko ta ɗora magana a bakin wanda bai faɗa ba, kuma cikin cikakken ƙarfin hali. Amma wa'azi na fitowa ne daga mutumin da ya yi kokawa da nassin a kan gwiwoyinsa, wanda ya san wa aka binne a makon nan, wa ya rasa aiki, wa ke daf da barin bangaskiya. Na'ura ba ta san tumakina ba, ba kuma ita za ta ba da lissafinsu a gaban Allah ba. Mai wa'azin da ya karanto abin da ta rubuta kamar nasa ne ya yaudari jama'a.

Mama Rifkatu:
Ishaku ɗana, tambaya ɗaya. Ku yaran da ke bayan na'urorin nan, yaushe kuke yin taku sujadar?

Ishaku:
Mama, gaskiya mu uku ne, kuma kowace Lahadi mu ne. Idanunmu na kan allo daga farko har ƙarshe.

Fasto Yohanna:
To wannan ma ka kai wa majalisa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka ga ana mance da waɗansu gwauraye wajen rabo, ba a ɗauki duk wanda ya iya lissafi ba, an zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka yi musu addu'a aka ɗora musu hannu. Sashenku hidima ce irin wannan. A horar da ƙarin mutane, har da mata da manya, a yi karɓa-karɓa, kowa ya samu Lahadin da zai zauna a kujera hannunsa ba komai sai Littafi. Kalmomin sirri na shafukan kuma kada su zauna a hannun mutum ɗaya, sakataren ikkilisiya ya kasance da su.

Dattijo Bulus:
Ishaku, da ni ne a majalisarku, zan yarda a ci gaba da na safiyar Lahadi bisa sharaɗin Fasto, sunaye su riƙa isa kwamitin ziyara, dattawa kuma su riƙa kawo rahoton gidajen da suka shiga. Idan aka ga ba a zuwa, zan sake tayar da maganar rufewa, kuma ba zan ji kunya ba. Addu'ar tsakiyar mako da nazarin Littafi kuwa a bar su ba kyamara, mutane su samu inda za su yi tambaya su yi kuka ba duniya na kallo ba.

Saratu:
Baba, na yarda da rashin kyamara a nazarin Littafi. Amma ko za a riƙa naɗar koyarwar malamin kaɗai, ban da tambayoyin mutane, a tura mana?

Ishaku:
Wannan mai yiwuwa ne, Anti Saratu, makirifon malamin kaɗai za mu ɗauka, mu tsayar kafin a buɗe fagen tambaya. Zan sa shi cikin abin da zan gabatar. Hannatu, don Allah ki rubuto mini matakan kunna lambar sirrin nan ɗaya bayan ɗaya da Hausa mai sauƙi, ina so a karanta a sanarwar wannan Lahadi kafin ma majalisa ta zauna.

Hannatu:
To Yaya, zan turo maka yau da dare. Ka nemi matasa biyu su tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi, su taya iyayenmu kunnawa a wayoyinsu, amma kowa ya sa lambarsa da hannunsa, kada wanda ke taya shi ya gani.